Muryar Bahaushe Bayan Maganin Dajin Baki da Maƙogwaro



Wannan lacca ta shafi mutumin da ya tsira daga ciwon daji na baki ko na maƙogwaro, ya komo gida Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura, amma magana ta gagare shi. Irin wannan majinyaci akan tura shi manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a yi masa tiyata ko gashi da na'ura. To, bayan sallama ne wata jinyar take farawa.

Gashi yana lalata ƙwayoyin da ke samar da yawu, baki ya bushe, haƙora su yi saurin ruɓewa, muƙamuƙi ya sandare. Gyambon baki yakan warke cikin makonni, amma bushewar takan daɗe, wani ma ta zauna masa, iskar hunturu kuwa ƙara tsananta ta take yi. Abin da ke taimako shi ne yawan kurɓar ruwa, da kurkurar baki da ruwan gishiri kaɗan, da abinci mai santsi irin miyar kuɓewa da kunu, da barin taba da yaji, da motsa muƙamuƙi kullum. Kada kuma a cire haƙori sai da sanin likita, domin ƙashin da aka gasa ba ya warkewa da wuri.

Babbar matsala ita ce ta wanda aka cire wa maƙwallato ɗungum, aikin da Theodor Billroth ya fara yi a Biyana a 1873. Hanyoyi uku ne na maido masa da murya: ya koyi fitar da ita da iskar da ya haɗiya, ko ya dafa na'urar lantarki a wuya, ko a sanya masa 'yar bututun da Singer da Blom suka bayyana a Amurka a 1980.

A nan ne masanin Hausa yake da ta cewa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kari kuwa daga tantanin maƙwallato yake fitowa. Shi ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Haka nan ɓ da ɗ da ƙ da ts, da toshewar maƙwallato da motsinsa ake furta su. Idan ya tafi, sai ƙafa ta nemi komawa kafa, ɗaki ya koma daki. Na'urar lantarki ta gama-gari kuwa amo ɗaya take bayarwa, ba hawa ba sauka. Saboda haka darussan da aka tsara wa mai jin Ingilishi, harshen da ba shi da waɗannan sautuka, ba za su wadatar da Bahaushe ba.

Lalle ne malaman Hausa su haɗa kai da likitoci su tsara jerin kalmomi na gwaji da na horo, su kuma koyar da iyali, tun da masu gyaran furuci ba su da yawa a ƙasar nan. Tsawon wasali bai dogara ga maƙwallato ba, don haka majinyaci ya riƙe shi sosai, ya yi magana a hankali cikin cikakkiyar jimla. Iyali kuma su fuskance shi, su ba shi lokaci, kada su ƙarasa masa zance. Wanda aka daina jiran amsarsa a gaisuwa, sannu a hankali zai daina fitowa zaure.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.