Tattaki Daga Aliero Zuwa Maiyama Domin Majinyatan Da Aka Sallamo Gida

 

Yau maganar tattaki za mu yi, amma ba irin wanda muka saba gani ba. Kun tuna a 2015 Suleiman Hashimu ya taka da ƙafa daga Legas har Abuja don murnar nasarar Buhari? Tun daga nan, duk zaɓe sai ka ga matashi ya rataya jaka ya kama hanya saboda wani ɗan siyasa. To mu a gidanmu mun zauna, ni da ƙannena biyu da 'ya'yan yayarmu, mun yanke shawarar za mu taka daga Aliero mu ratsa Jega mu sauka Maiyama, idan sanyi ya shigo, in sha Allahu. Kuɗin da aka tara kuwa na majinyatan da likita ya ce wa danginsu, “Ku koma da shi gida a ci gaba da addu'a.”

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon daji ya san nauyin wannan kalma. Mun yi jinyar gwaggonmu, Allah Ya jiƙanta, kuma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne raɗaɗin da take kwana da shi. Addu'a kam dole ce, amma jama'a, ko an fid da ran warkewa, aikin likita bai ƙare ba. Akwai fanni guda a aikin asibiti na sauƙaƙa wa mai jinyar ajali: a kashe masa zafi, a wanke masa gyambo, a riƙa juya shi kada kwanciya ta ci masa baya, a kuma kwantar wa iyalinsa hankali.

Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta buɗe gidan jinya na zamani irin wannan a Landan a 1967. A Afirka kuma Dakta Anne Merriman ta kafa irinsa a Yuganda a 1993, ta kawo dabarar haɗa maganin mofin na ruwa mai araha, wanda majinyaci zai sha yana kwance a ɗakinsa. A Ingila har gobe mafi yawan kuɗin irin waɗannan gidaje daga aljihun jama'a yake fitowa. Shi ya sa a gudun fanfalaki na Landan, wanda aka fara a 1981, za ka ga uba da ɗa, ko wa da ƙanwa, suna gudun kilomita 42 da hoton mamacinsu a bayan riga.

Kada wani ya ce ai al'adar Turawa ce. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamnanmu, gidauniyarta ta Medicaid ta daɗe tana shirya tattakin yaƙi da ciwon daji a Abuja. Kuma mu nan jinya ba baƙuwarmu ba ce. Dubi Aliero, yadda ake kawo masu karaya daga nesa wurin masu ɗori, dangi su tare su zauna da nasu har ya miƙe. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

To me kuɗin zai yi? Ba gini za mu yi ba. Katifa da ledar shimfiɗa, audugar wanke ciwo, kunzugun manya, kuɗin man babur ga ma'aikacin jinya da zai riƙa leƙa majinyaci a gida, da kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato don karɓo maganin da sai likita ya rubuta ake bayarwa. Kuma kowace naira za mu karanto ta a cikin shirin nan, abin da ya shigo da abin da ya fita, domin amana ce.

Mai son shiga, ya fara taka ƙafa bayan asuba tun yanzu, kada ya bari sai ranar. Wanda ba zai iya ba, ko ruwan sha ya miƙo mana a bakin hanya, ya yi nasa. Idan kuma akwai majinyaci irin wannan a unguwarku, ku je ku gaishe shi yau ɗin nan.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa mu cika da imani. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.