WANDA FAYIL KE HANNUNSA: ANTONI JANAR DA SHARI'UN DA SIYASA TA SHIGA

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Mokola, Ibadan



Sakatare ya ce in yi bayani a kan aikin lauyoyin gwamnatin tarayya idan aka kai ga shari'ar da siyasa ta cuɗanya da ita. Na ji wani yana cewa wannan ai zancen manya ne, me ya haɗa mai sayar da goro ko mai canjin kuɗi da Antoni Janar? To, ku yi mani haƙuri, kafin in zauna za mu zo har ƙofar gidajenmu.

Bari in fara da abin da ya faru a nan Badun. Ran 23 ga Disamba 2001 'yan bindiga suka shiga gidan Cif Bola Ige a Bodija suka harbe shi. Daga nan zuwa Bodija ba wata tafiya ba ce. Dattawanmu sun san shi, don ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Oyo daga 1979 zuwa 1983, kuma a Kaduna ya yi ƙuruciyarsa, yana jin Hausa rangaɗaɗau. Abin lura shi ne ran da aka kashe shi, shi ne Antoni Janar na Tarayya kuma Ministan Shari'a. Wato babban mai gabatar da ƙara na Nijeriya baki ɗaya.

Sai ka ce ai wannan shari'a ba za ta kwana ba. Ina! Ga yadda ta kasance. 'Yan sanda ne suka yi bincike, su kuwa na tarayya ne, daga Abuja suke karɓar umurni. Amma kisan kai laifi ne na dokar jiha, saboda haka a babbar kotun Jihar Oyo aka shigar da ƙara. A lokacin jam'iyyar AD ke mulkin Oyo, PDP na mulkin tarayya. Cikin waɗanda aka gurfanar har da Iyiola Omisore, tsohon mataimakin gwamnan Osun, wanda ya musanta zargin. Yana tsare aka yi zaɓen 2003, ya ci kujerar sanata a PDP. A wannan zaɓen dai mulkin Oyo ya koma hannun PDP, ma'aikatar shari'ar jiha ta sami sabon shugaba. Shaidu suka riƙa sauya magana, wani alƙali ya tsame hannunsa yana cewa ana matsa masa lamba. Matar marigayin, Mai Shari'a Atinuke Ige, ta rasu a 2003 ba ta ga ƙarshen zancen ba. A 2004 kotu ta wanke Omisore ta sallame shi. Wanda kotu ta wanke ya wanku, ba ni da ta cewa. Amma har yau ɗin nan ba mutum guda da aka hukunta a kan jinin Ministan Shari'ar ƙasar nan.

To, mene ne ainihin ikon wannan ofis? Sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na Tarayya iko iri uku a kan laifuffukan dokar tarayya. Yana iya shigar da ƙara. Yana iya karɓe ƙarar da wani ya shigar, ko 'yan sanda ne ko wata hukuma, ya ci gaba da ita da kansa. Na uku, kuma shi ne mai nauyin, yana iya janye ƙara a kowane mataki muddin ba a yanke hukunci ba. Sashe na 211 ya ba Antoni Janar na kowace jiha irin wannan iko a kan laifuffukan jiharsa. Dokar ta ce ya yi la'akari da amfanin jama'a da adalci, ya kuma hana a yi wasa da kotu. Madalla. Wa zai duba ko ya yi la'akarin? A 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce idan Antoni Janar ya janye ƙara, kotu ba za ta bincike dalilinsa ba. Wanda ya naɗa shi ne zai iya cire shi, sai kuma bakin jama'a.

Nan fa gizo ke saƙar. Mutumin nan mai wannan iko minista ne. Shugaban ƙasa ya zaɓo shi, yana zama a majalisar ministoci, galibi ɗan jam'iyya ne, kuma ran da aka ga dama a sallame shi. Hula biyu ke kansa, ta lauyan gwamnati mai ci da ta mai tsare wa talakawa adalci. Idan ƙara ta shafi ɗan hamayya ko wani na hannun daman shugaba, wacce zai sa?

Mun ga misalai. Hukumar EFCC ta fara aiki a 2003 a ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta kuma gurfanar da James Ibori, tsohon gwamnan Delta, a 2007. A zamanin ne aka yi ta ja-in-ja tsakanin hukumar da Antoni Janar Michael Aondoakaa a kan wa ke da ikon shigar da ƙara. A Disamba 2009 babbar kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhuma 170 da ake yi wa Ibori. A 2012 Iborin nan ya amsa laifinsa a wata kotu a Landan, aka ɗaure shi shekara 13. A 2014 kuma Antoni Janar Mohammed Adoke ya janye ƙarar da ake yi wa Mohammed Abacha a kan kuɗi sama da naira biliyan 400. Gwamnati ta ce hanyar dawo da kuɗin ke nan daga ƙasar waje, 'yan hamayya suka ce zaɓen 2015 ake hange.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, inda ba a janye ƙara ba, ba a kuma gama ta ba. Sanata Rashidi Ladoja, tsohon gwamnanmu wanda aka naɗa Olubadan a 2025, EFCC ta gurfanar da shi a 2008. Sai a 2019 kotu ta wanke shi. Shekara 11 mutum yana safa da marwa zuwa Ikko. Shi mai hali ne, yana da lauyoyi. Ku kwatanta da wanda ba shi da ko kuɗin mota.

Yanzu ga wanda ya fi shafarmu. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, 'yan sanda suka kwashi matasa daga Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa suka kai Abuja. Wata uku suna tsare. Ran 1 ga Nuwamba aka kawo su babbar kotun tarayya bisa tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Da yawansu yara ne ƙanana, duk sun rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Kowa a nan ya ga hotunan a waya. Da ƙasa ta ɗauki zafi, Antoni Janar Lateef Fagbemi ya karɓe fayil daga hannun 'yan sanda, Shugaba Tinubu ya ba da umurni, ran 5 ga wata aka janye ƙarar, yara suka koma gida. Sashe na 174 ne ya cece su, wannan gaskiya ne. Amma ikon nan yana nan tun watan Agusta. Da ba a ɗauki hoto ba fa?

Wasu ƙasashen sun raba hulunan nan biyu. Kenya, a tsarin mulkinta na 2010, ta ware ofishin darektan gabatar da ƙararraki, wa'adinsa shekara 8 sau ɗaya, ba ya karɓar umurni daga kowa. A Amurka ba a raba ba, shi ya sa a 1973 da Shugaba Nixon ya ce a kori mai binciken badaƙalar Watergate, Antoni Janar Elliot Richardson ya ajiye aikinsa maimakon ya bi umurnin. A nan gida majalisar tarayya ta amince a raba ofishin Antoni Janar da na Ministan Shari'a, amma a 2015 Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu a gyaran tsarin mulkin, wannan batu na cikin dalilansa. Ni dai ina goyon bayan rabawar, ko da yake na san ofis ba ya gyara mutum. Duk ɗan takarar da ya shigo Sabo neman ƙuri'a, a tambaye shi ra'ayinsa a kai.

Ranka ya daɗe, mu da ke zaune a ƙasar Yarbawa mun san duk lokacin da rikici ya tashi, kamar na Shasha a Fabrairu 2021, ana kame, kuma kame ba ya tantance mai laifi da mai wucewa. Idan aka kama yaro a kan kisa ko ƙone-ƙone, daga Iyaganku za a kai shi kotun majistare. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa, sai ya tura shi gidan yarin Agodi a jira shawarar darektan gabatar da ƙararraki na jiha. A wannan jira ne mutane ke shafe watanni, wani lokaci shekaru, saboda fayil bai bar teburin ɗan sanda ba. Iyaye kuwa suna ta kai abinci Agodi, ba su san inda gaba ta dosa ba.

Saboda haka roƙona ga ƙungiya shi ne a ware mutum biyu ko uku masu karatu, aikinsu bin fayil. Ran da aka kama wani namu su rubuta sunansa da ranar da wurin, su karɓi lambar ƙarar, su gano ko laifin na jiha ne ko na tarayya. In na jiha ne, ma'aikatar shari'a tana nan sakatariya a Agodi. In na tarayya ne, takardar koke Abuja za ta, da sa hannun lauya da hatimin fada. A kai a rubuce, a karɓi shaidar an kai, a koma bayan mako biyu. Kuɗin takarda da na mota ba za su gagari asusunmu ba, na kuma yi wa ma'aji magana, ya ce a kawo batun a taron wata mai zuwa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, sakatare zai ba shi dama.