Sana'ar Tufafin 'Yan Mata A Bakin Iyaka

Lacca domin mutanen Kusa da sauran ƙasar Jibiya

Maganar yau a kan tufafin 'yan mata ce da na amare, da yadda mai ɗan jari zai kafa sana'arsu a nan bakin iyaka, ya ci abinci da ita, jarinsa kuwa bai salwanta ba. Zancen ya shafi maza da mata, amma ya fi shafar mata, gama su suka fi sanin abin da 'ya'yansu da ƙannensu ke so. Saboda haka za a riƙa ambaton mai sana'ar da sunan mace.

Tsohuwar Sana'a Ce

Cinikin tufa ba baƙo ba ne a wannan hanya. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Katsina da Kano cikin 1851, ya tarar saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Mutanen Maraɗi kuwa Katsinawa ne, sarakunansu daga Birnin Katsina suka fita bayan jihadi. Iyakar da ke tsakani Ingila da Faransa suka shata ta bisa yarjejeniyar 1906. Harshe ɗaya ne, auratayya ba ta yanke ba, ɗaurin ɗankwalin da ya fito a Katsina ba ya jimawa sai a gan shi a Ɗan Isa. Watau mai sana'a a nan tana da kasuwa biyu.

Abin da ya sake shi ne inda tufa ke fitowa. Masaƙar Kaduna ta farko ta soma aiki cikin 1957, audugar Funtuwa da Malumfashi tana ciyar da masaƙu. Wannan masaƙa ta tsaya cikin 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe cikin 2007. Yanzu yawancin atamfar da ke kasuwa daga ƙasar Sin take zuwa, a sare ta a Kantin Kwari na Kano, ko ta biyo ta Maraɗi.

Ƙofa Takan Rufu

Da yawa waɗanda suka shiga wannan ciniki ba su yi kome ba sai ɗauko kaya can su sayar nan. Riba takan samu, amma fa duk abincinsu yana rataye ne a ƙofar iyaka, mabuɗinta kuwa ba a hannunsu yake ba. An rufe iyakokin Nijeriya cikin Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai Maris 1986. An sake rufewa cikin Agusta 2019. Ko da aka buɗe ta Illela da ta Maigatari cikin Disamba 2020, ta Jibiya ba ta buɗu ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa, har zuwa Maris 2024. Daɗin daɗawa, cikin 2021 an katse layukan waya a ƙasar Jibiya saboda rashin tsaro, har mai ciniki ta waya ma ta zauna jugum.

To, a duk waɗannan shekaru 'yan mata ba su fasa yin salla ba, ba a kuwa fasa aure ba. Wadda ta iya yanka da ɗinki ta ci gaba da aiki da yadin da ya samu daga Katsina ko Kano. Wadda ba ta iya kome ba sai ɗauko da kai, ta cinye jarinta tana jiran a buɗe. Jigon wannan lacca ke nan: a kafa sana'ar bisa allura, safarar yadi ta zama ƙari. Gwamnati tana iya rufe hanya, amma ba a rufe abin da hannu ya koya.

Kuɗi Iri Biyu

Wajibi ne mai sana'a ta fahimci canji. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, watau yuro, ba ta motsi sai ya motsa. Naira kuwa an sake ta ga kasuwa cikin Yuni 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,400 a farkon 2024. Nan da nan jikar sefa ta yi tsada, kayan Maraɗi suka fi ƙarfin mai naira. Cikin Janairu 1994 kuwa sefa ce aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya. Ashe ko wane ɗaya yana iya faɗuwa.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na fari, a yi lissafi da kuɗi iri ɗaya, kada a yanka farashi bisa abin da aka saya jiya, sai bisa abin da za a sake saye gobe. Na biyu, sa'ad da naira ta yi arha, ɗinkin wannan gefe yakan yi wa mai sefa sauƙi. Lokacin neman masu saye daga Ɗan Isa da Maraɗi ke nan. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Mai So Dabam, Mai Biya Dabam

Tufar yarinya ba kamar ta babba ba ce, domin sau da yawa wadda za ta sa ba ita za ta biya ba. Yarinya tana duban yayi, irin wanda ta gani a fim ko a waya. Uwa tana duban sutura da ƙarko. Uba ko saurayi kuwa kuɗin yake dubawa. Rigar da ta gamsar da ɗaya ta ɓata wa biyu rai, ba za a dawo a yi ta biyu ba. Gwanar tela ita ce mai sa yayi a hannun riga da wuya da ado, ta bar tsawo da yalwa yadda iyaye za su yarda.

Har wa yau, yarinya 'yar shekara 14 girma take yi. A bar mata rara a cikin ɗinki, yadda za a saki rigar baɗi. Uwar da ta ga an yi mata wannan tattali ta zama mai talla ba da lada ba. Akwai kuma wata fa'ida da mace ta fi namiji: ita ce ke iya auna budurwa da matar aure ba tare da kunya ba, ta kuma shiga gidan da namiji ba ya shiga.

Kada a fara da kaya masu cin jari kamar leshi da shadda. A fara da abin da ake nema kullum: hijabi, da kayan makaranta, da doguwar riga, da riga da siket na atamfa, da ɗankwali da mayafi.

Lokutan Ciniki

Wannan sana'a tana da kakarta. Akwai ƙaramar salla da babba, da Mauludi, da komawa makaranta cikin Satumba, da saukar karatu, da bukukuwan aure bayan an kai amfanin gona gida da kuma gab da azumi. A nan anko yake, watau yadi iri ɗaya na ƙawayen amarya, inda aiki guda yakan kawo riguna masu yawa. A tuna kuma watan azumi yana matsowa da kamar kwana 11 ko wace shekara, saboda haka yadin da ya dace da sallar bazara ba shi zai dace da ta hunturu ba. A sari kayan salla tun watan Sha'aban, kafin farashi ya hau.

Babban abin da ya zubar da mutuncin teloli shi ne alkawarin salla. Mai hankali takan ƙirga rigar da take iya gamawa a yini, ta rufe karɓa in ta cika. Yarinyar da ta yi salla da tsohuwar riga ba ta mantawa, ƙawayenta ma sai sun ji.

Jari Da Littafi

Keken ɗinki na ƙafa ya ishi mai farawa, gama ba ya jiran wutar lantarki. Sai almakashi mai kaifi, da tef na awo, da dutsen guga na gawayi. A raba jari uku: kashi ɗaya kayan aiki, ɗaya yadi, ɗaya a ajiye saboda ranar da hanya ta toshe. Adashi ya fi rance mai ruwa. A riƙe littafi biyu, na awo da na kuɗi, kuɗin cefane kuwa kada ya haɗu da na sana'a a ƙulli ɗaya. A karɓi kafin alƙalami kafin a sa almakashi, a kuma mayar wa mai kaya ragowar ƙyallenta kome ƙanƙantarsa.

Maganar Doka

An ɗage hanin shigo da atamfa da leshi, amma akwai kuɗin fito da ake biyan kwastan. Gwanjo kuwa yana cikin kayan da doka ta hana shigowa da su. Mai bin hanyar daji da dila tana caca ne da jarinta, ga kuma hatsarin ɓarayin daji. Kamu ɗaya yakan share ribar shekara. In sana'a ta kafu, ya kamata a yi rajistar sunanta wurin hukumar rajistar kamfanoni, a kuma nemi shawarar SMEDAN, hukumar da aka kafa cikin 2003 domin ƙananan sana'o'i.

Cikin Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Katsina da Jibiya. Jirgi zai kawo masu saye, zai kuma kawo kayan manyan 'yan kasuwa da arha. Mai ɗan jari ba ta iya gasa da su wajen tulin yadi. Abin da ba sa iya kawowa cikin dila shi ne awon 'yar maƙwabciya, da rigar da aka gama ranar da aka ce. Iyaye su ba 'ya'yansu mata damar koyon ɗinki tare da karatu, waɗanda suka iya kuwa su koyar da na baya. Sannu sannu kwana nesa. Allah ya sa albarka cikin nema, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.