JAWABI A KAN KARATUN LAFIYAR JAMA'A

 Iyayena dattawa, iyaye mata, ƴan'uwa da kuka taso daga Maraɗi, Yamai, Kano da Agadas, ina yi muku barka da zuwa. Shugabannin ƙungiya sun umurce ni in yi bayani a kan wani karatu da yaranmu masu bak suke tambaya, watau karatun lafiyar jama'a, wanda wasu jami'o'in Turai da Amurka suke haɗa shi da lafiyar duniya.

Da farko, mene ne shi? Lokotoro yana duba majinyaci ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa mai wannan karatu gari dukansa yake dubawa. Shi ne mai ƙidayar yaran da suka kamu da ƙyanda a Kornaka ko Birnin Lalle, ya binciki inda cutar ta faro, ya tsara yadda allurar rigakafi za ta kai rugar Fulani da zangon Buzaye tun ba su tashi ba. Ana koya masa lissafin cututtuka, tsabtar ruwa, abinci mai gina jiki da tafiyar da likita. Bayan bak, shekara 3 ake yi a samu lisans, alhali karatun lokotoro shekara 7 ne ko fiye.

Me ya sa ake haɗa shi da duniya? Domin cuta ba ta nuna takarda a kan iyaka. A 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ciwon ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da tamu. Kwalarar 2018 ta fi tsanani a Madarunfa, bakin iyaka. Ku da kuke ci-rani kun fi kowa sanin yawan kai da kawowar da ke tsakaninmu da Jibiya da Katsina.

Dattawa ba su manta sanƙarau na 1995 ba, wanda ya kama mutum fiye da dubu 40 a Nijar. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina, Mali da Nijar. A Indiya aka yi ta, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma irin sanƙarau da ya fi kashe mu a da ya kusan ɓacewa. Amma a 2015 wani irin ya ɓullo a Yamai, abin da ke nuna aikin bai ƙare ba. Haka kurkunu, wanda yake kwantar da manomi da damina: da tace ruwa, da gyaran rijiyoyi, da ƙidaya gari-gari aka ci ƙarfinsa, har a 2013 aka tabbatar babu shi a ƙasarmu. A yunwar 2005 kuma, ƙungiyar MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a nan Dakoro. Mun gode wa baƙi. To, amma baƙo raɓa ne. Wa zai riƙe aikin in sun tafi?

Ina ake karatun? Akwai makarantar ENSP Damure Zika a Yamai, da wata ENSP a Damagaram. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, duka suna da sashen kimiyyar lafiya. Akwai kuma makarantun kuɗi. A nan ina jan kunnen iyaye: kafin ku sayar da sa ko buhun gero, ku tabbatar gwamnati ta amince da takardar da makarantar take bayarwa.

Ba zan ɓoye muku ba, takarda ba ita ce aiki ba. Yaro zai iya gamawa ya yi bautar ƙasa, ya zauna jiran kwantaragi. Saboda haka ya dage da lissafi da Ingilishi tun daga lise, kuma in ya samu hali ya haɗa da aikin jinya ko ungozomanci, don ya zama yana da sana'a a hannu.

Ga roƙona guda uku. Na ɗaya, mu ware wani kaso na kuɗin wata-wata don ɗaukar nauyin yaro biyu, namiji da mace. Mace ta fi shiga cikin gida, kuma uwa ta fi sakin jiki da ita a kan zancen ciki da goyo. Na biyu, ƴan'uwa mazauna Maraɗi da Yamai su ba ɗalibanmu masauki, domin kuɗin ɗaki shi ne yake kayar da yawancinsu. Na uku, wanda ƙungiya ta taimaka ya yi alkawari gaban dattawa zai riƙa zuwa da hutu yana taimakon likitarmu, musamman da damina, lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro ga yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Ma'aji yana nan da littafinsa, duk mai niyya ya rubuta sunansa kafin a watse. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.