AMSOSHIN WASIƘUNKU: In Sayar Da Gonar Gado Ko In Riƙe?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani magidanci a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu ta Jihar Kano. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonar tudu guda, su tara ne maza da mata, ga kuma masu yanka filaye sun taya ta da kuɗi mai tsoka. Yana tambaya: tun da mutane sun yi wa ƙasar yawa, ba gara a sayar kowa ya ja jari ba?

To Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, mun kuma gode da wasiƙarka. Batun yawan jama'a gaskiyarka ne. A ƙidayar 2006 an sami mutum 225,389 a Dawakin Kudu, a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 384. Wato kusan mutum 590 ke nan a kowane murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin haihuwa ake ta yi. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa.

Amma dubi maƙwabtanku na Kura. A wannan ƙidaya dai su 144,601 ne a murabba'in kilomita 206, kimanin mutum 700 ke nan a kowane guda. Ka ga sun fi ku cunkoso. Duk da haka can ne 'yan ƙwadago ke nufa da rani. Me ya kawo haka? Ruwa.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya gigita Arewa. Daga nan ake sako ruwa ya gangaro ta manyan hanyoyin ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ba tare da inji ya tura shi ba. An tsara kashin farko na aikin zai ci hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Manomi a can yakan yi shinkafa da damina, da rani ya sa alkama ko tumatir ko albasa ko masara. Gona ɗaya ta zama biyu. Mai injin casa ya samu, mai saƙa kwando ya samu, direban da ke lodi a Kwanar Gafan ya samu, matan da ke turara shinkafa a cikin gida su ma sun samu.

Ba mu ce can Aljanna ba ce. Akwai lokacin da tumatir ke yin kwantai har a baza shi a bakin titi ana shanya. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir. Ga tsadar taki, ga kachala mai toshe hanyar ruwa. Abin lura dai shi ne, yawan mutane ba shi kaɗai ke kawo talauci ba. Abin tambaya shi ne sau nawa gona ke aiki a shekara, kuma ina kasuwar abin da ta fitar.

Ta fuskar kasuwa kuwa, Malam, ku ne a bakin gaɓa. Birnin Kano na kusa da ku, kuma birni kullum sai ya ci. Kakanninku da jakuna suka riƙa kai itace da hatsi birni su komo da taki, shi ya sa suka yi ta noma gona guda kowace shekara ba ta mutu ba. Wannan kusancin ne ya sa ake taya gonarku da tsada yau. Mai saye ba wawa ba ne, ya san gobe ta fi haka.

Ga shawararmu. Da farko a je wurin malamai ko alƙali a raba gado bisa shari'a, a fitar wa mata haƙƙinsu, kada a yi ciniki a bayan idonsu. Na biyu, rabo ba ya hana gandu. Kowa ya san kasonsa, amma a noma ta a haɗe, ko wanda ke zaune a gida ya karɓi hayar kason waɗanda suka tafi birni. Na uku, ku nemi malamin gona ya duba ko ruwa na kusa. In ana iya haƙa rijiyar burtsatse a sa ɗan inji, ko lambun rabin eka ne ya isa ya sauya lissafin gida. In kuwa wani a cikinku ya matsu dole sai ya sayar, to ya fara yi wa 'yan uwansa tayi, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu.

Kuɗin fili, Malam, sau ɗaya ake ƙirga su. Ka je ka tambayi waɗanda suka riga ku sayarwa a garinku, nawa ne cikinsu jarin ke nan har yau, nawa ne kuma suka koma auno a kasuwa. Abin da suka gaya maka ya fi namu nauyi.

Allah ya haɗa kanku, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku. Wassalam.