Koyon Jita Bayan Furfura: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan abin da nake yi tun da na ajiye aiki, na yi kwana uku ina jinkirin ba shi amsa. Waɗansu daga cikinmu sun shiga noma, waɗansu kasuwanci, waɗansu sun gina makarantu. Ni kuwa abin da zan tsaya gaban malamaina in faɗa shi ne, na koyi kaɗa jita. Na ga waɗansu na baya sun fara murmushi, musamman waɗanda suka tuna cewa a zamaninmu ko waƙar fareti ba na iya bi daidai.

Na ajiye aiki a 2019, bayan shekara 35 ina fita da safe ina dawowa da yamma. Wata na farko na ji daɗin hutu. A wata na uku na lura cewa ina ƙirga sa'o'in da ke tsakanin azahar da la'asar, ina kuma neman faɗa da iyali a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da aka shiga kullen korona a 2020 abin ya ƙara tsananta. A lokacin ne na ɗauko wata tsohuwar jita da ɗana ya bari a bayan kabad.

Sai da na yi fama da kunya tukuna. Kun san yadda aka rene mu, kiɗa sana'ar gado ce, ɗan makaranta ba ya taɓa molo ko garaya. Amma kuma mu ɗin nan ne muke kashe hira mu saurari Ɗan Maraya Jos a rediyo, mutumin da ya riƙe ƙasar nan da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak har Allah Ya yi masa rasuwa a 2015. Na ce wa kaina, in tsirkiya ɗaya ta yi wannan aiki, ba abin kunya ba ne dattijo ya gwada shida a cikin ɗakinsa.

Malamina yaro ne ɗan maƙwabta, sa'an autana. Ranar farko ya dubi hannuna ya ce, "Baba, sai an yanke farcen hagu." Ni da na yi shekaru ana miƙe mini tsaye in na shiga ofis, ga ni zaune a kan tabarma ana duba mini farce kamar ranar Asabar a makarantar kwana. Ya yi gaskiya kuwa, domin da kan yatsa ake danne tsirkiya, kuma in farce ya yi tsawo shi zai fara taɓa katako.

Bari in bayyana yadda abin yake ga wanda bai taɓa riƙe ta ba. Tsirkiyoyin jita shida ne, ana kiransu da haruffa daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. A wuyanta an gitta ƙananan ƙarafa. In ka danne tsirkiya a bayan ƙarfe, ka rage tsawonta, sai sautinta ya ƙara tashi. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne dannewa a tsakiyar gurbi da iyakar ƙarfina. Ashe dab da ƙarfen ake sa yatsa, kuma in an yi haka ƙarfi kaɗan ya isa. Kafin a kaɗa komai sai an daidaita sautin tsirkiyoyin. Yaran yanzu da manhajar waya suke yi, amma malamina ya tilasta mini in koya da kunne: ka danne tsirkiya a gurbi na biyar, ta ba ka sautin wadda ke biye da ita, ban da ta G wadda ake dannewa a gurbi na huɗu.

Sai maganar ciwo. Makonni biyu na farko kan yatsuna ya yi ja, har riƙe cokali ina jin sa. Ba wani magani sai a ci gaba kaɗan-kaɗan har wurin ya yi kanta, kamar hannun manomi a farkon damina. Wanda zai fara, ina ba shi shawara ya nemi mai tsirkiyar nailan, ta fi ta ƙarfe taushi. Ya kuma duba kada tsirkiyoyin su yi nisa da wuyan, domin jita mai araha da yawa haka suke, kuma su ne ke sa mutum ya ɗauka shi ne ba shi da basira. A kiyaye ta daga rana da cikin mota, kuma da hunturu a riƙa mayar da ita cikin jakarta, saboda bushewar iska tana tsaga katako.

Abin da aka fara koya mini shi ne haɗa sautuka da yatsu a lokaci guda, wanda makaɗa ke kira kod. Mafi sauƙi shi ne wanda ake rubutawa Em, yatsa biyu ne kawai a gurbi na biyu, a kan tsirkiyar A da ta D. Na iya shi a yini ɗaya, na yi ta murna. Daga nan G, da C, da D. Kowanne shi kaɗai ba wuya. Wuyar tana wajen tashi daga wannan zuwa wancan ba tare da hannun dama ya tsaya ba. A nan ne na kusa ajiye ta. Na yi wata biyu tsakanin G da C, yatsuna suna tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffi masu hawa mota. Ina so in yi sauri, yaron yana cewa, "Baba, a rage." Ya sa ni ina ƙirga ɗaya zuwa huɗu a hankali ƙwarai, minti goma sha biyar kullum bayan la'asar, ya hana ni zaman sa'a uku na ranar Lahadi da nake ganin shi ne ƙwazo. A gaskiya na ji haushinsa. Amma wata rana ina kallon tagar ɗaki sai na ji hannuna ya sauya da kansa, ban duba ba.

A nan nake neman gafarar malaminmu na lissafi, wanda nake gani zaune a sahun gaba. Malam, lissafi biyar ɗin da kake ba mu kowane dare, muna gunaguni muna cewa mugunta ce, sai da na haura shekara 60 na gane abin da kake nufi.

In gwiwata ta yi sanyi nakan saurari Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006. Da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya koma jita, kuma in ka kasa kunne za ka ji su a cikin kiɗansa. Akwai kuma Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Ni tawa daga kanti ta fito, ba ni da hujjar ƙorafi.

Yanzu ina iya kaɗa waƙoƙi kamar shida daga farko har ƙarshe, jikokina suna yi mini amshi, uwargida kuma ta daina rufe ƙofar kicin in na fara. Akwai kod ɗin F, wanda ake shimfiɗa ɗan ali a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya. Har yau in na danne shi biyu daga ciki ba sa magana. Na zo da jitar, tana wurin Sakatare, duk wanda yake so ya gwada Em sai ya same ni bayan cin abinci, amma ya fara yanke farce.