Gidan Haya: Abin Da Ya Kamata Mai Gini Ya Sani



Duk wanda Allah ya buɗa masa a ƙasar Kontagora, ko ta hanyar noma ko fatauci ko kuɗin sallama daga aiki, da wuya bai yi tunanin gina gidan haya ba. Dalili kuwa a fili yake. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai da baƙin 'yan kasuwa duka suna bukatar wurin kwana, ga shi kuma Naira ba ta riƙe darajarta in an ajiye ta a akwati. Amma fa gidan haya sana'a ce mai jinkirin biya, kuma abin da ke tsare dukiyar mai ita shi ne takarda.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce mutum ya kashe Naira miliyan 12 ya gina ɗakuna 6, yana karɓar Naira 100,000 a kan kowane ɗaki a shekara. Abin da zai shigo hannunsa Naira 600,000 ne, watau sai bayan shekara 20 uwar kuɗinsa za ta dawo. Wannan ma in ba ɗakin da ya kwana ba kowa, kwano bai yi yoyo ba, masai bai cika ba. In ɗaki ɗaya ya zauna wofi, aka kuma kashe hayar wani a kan gyara, shekarun sun zama 30. Ribar gaskiya tana cikin tashin darajar filin da ginin, ita kuwa ba ta tabbata sai ga wanda zai iya nuna shaidar cewa wurin nasa ne.

Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne bisa amana domin jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne iznin zama a kanta. A wuraren da aka ayyana birni, kamar Minna, Gwamna ke ba da wannan izni, yawanci na shekara 99. A karkara kuwa Ƙaramar Hukuma na iya bayarwa. Sayar da filin ko jinginar da shi ga banki yana bukatar yardar hukumar da abin ya shafa. Saboda haka takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Mai saye ya kai safiyo ya auna filin, a kafa duwatsun iyaka, sa'an nan ya nemi takardar hukuma kafin ya jibge bulo ko ɗaya. In filin na gado ne, lalle ya tabbatar an raba gadon, ko kuwa magada duka sun yarda. Rigimar da ta fi cinye gidaje ita ce ta ƙanin da ke Legas ranar ciniki, ya dawo bayan an yi rufi ya ce bai sani ba. A kuma kula da gefen babbar hanya, domin dokar nan ta ba Gwamna ikon janye izni saboda amfanin jama'a, diyyar da akan biya kuwa ta gini ce da amfanin gona.

Wasu kan tambaya ko za su sami rance daga Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka soma a 1992 an yi shi ne domin mai zuba kuɗi ya mallaki gidan da zai zauna da iyalinsa. Mai niyyar haya ya nemi jarinsa a wani wuri, ya kuma guji bashi mai nauyi, tun da ya ga lissafin da muka yi.

Sai maganar ɗan haya. Da yawanmu muna jin nauyin rubuta yarjejeniya da wanda muka sani, muna ganin kamar rashin yarda ne. Ni a ganina kunyar nan ita ce ke ɓata zumunci daga baya. Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta a ambaci kuɗin haya da tsawon lokacinta. A rubuta waɗannan, a ƙara da wanda zai biya kuɗin wuta da ruwa, wanda zai yashe masai, da yawan mutanen da za su zauna a ɗakin. Kowa ya riƙe kwafi. Duk ranar da aka karɓi kuɗi a ba da rasit mai kwanan wata. Mai gida kuma ya riƙa ware wani abu daga hayar, ya duba rufi da magudanar ruwa kafin damina ta faɗi.

In zama ya ƙi daɗi, akwai hanyar da doka ta shimfiɗa. A yawancin jihohi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya wata-wata yana da sanarwar wata 1, mai biya shekara-shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takardar kwana 7 cewa za a kai ƙara, daga nan kotu ce kaɗai za ta ba da umurnin fitar da shi. Mai gidan da ya yaye kwano, ko ya cire ƙofa, ko ya watso kayan mutum waje, ya mai da kansa mai laifi, kuma alƙali na iya sa shi biyan diyyar da ta fi bashin da yake bi. Wanda bai iya rubuta sanarwar ba ya je wurin lauya ko magatakardar kotu mafi kusa, ya kuma ajiye kwafin da ke nuna ranar da aka miƙa ta ga ɗan hayar.